Gulbi da Kafuwar Birane: Daga Kwarin Nilu Zuwa Fadamun Kabi da Jega

1.0 GABATARWA

Masana tarihi sun daɗe da lura da cewa biranen farko da ɗan Adam ya gina, tare da sarautarsu da rubutunsu da dokokinsu, sun tashi ne a bakin manyan koguna, watau Nilu a Masar, da Dijla da Furatu a Iraƙi, da Indus a Pakistan, da kuma Rawayan Kogi a ƙasar Sin. Wannan bayani ya shiga littattafan makarantu har ya zama abin hadda, haddar kuwa ta haifar da kurakurai guda biyu. Na farko shi ne zaton cewa kogi da kansa ne yake haihuwar birni. Na biyu kuwa shi ne zaton cewa al'amarin ya faru ne a can nesa, babu abin da ya haɗa shi da ƙasar Hausa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta rarrabe tsakanin abin da kogi yake bayarwa da abin da ya zama tilas mutane su ƙara kafin birni ya kafu. Za a fara da kogunan nan huɗu, sa'an nan a gangaro kwarin Gulbin Kabi da na Zamfara, inda daular Kabi ta tashi a ƙarni na 16, inda kuma garin Jega ya kafu a ƙarni na 19.

1.1 Ma'anar Kalma

Akan fassara abin da ake magana a kansa da "wayewar kai", amma wannan kalma tana ɗauke da hukunci, domin tana nuna kamar wanda ba ya zaune a birni kansa a duhu yake. Abin da ake nufi a nan shi ne zaman birni, watau taruwar jama'a mai yawa wuri guda, wadda ba dukkanta take noma ba, tana da masu sana'a da 'yan kasuwa da masu mulki, tana kuma da ƙa'idojin da suka wuce na gida ko na dangi. Ibn Haldun ya yi irin wannan rarrabewa tsakanin zaman daji da zaman birni a cikin Muƙaddima tun 1377. Haka nan Abdullahi Smith, a 1970, ya bayyana yadda zama ya bunƙasa a ƙasar Hausa daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai ganuwa da sarki.

2.0 KOGUNA HUƊU NA ZAMANIN DĀ

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maƙeri da magini da marubuci ba za su bar gona ba sai in akwai rarar abincin da za ta ciyar da su, rarar kuwa ba ta samuwa kowace shekara sai a ƙasar da ba ta gajiya. Wannan shi ne babban abin da kogi yake bayarwa, domin ambaliya tana zubar da sabuwar laka a kan gona, tana kuma jiƙa ta a wurin da ruwan sama ba ya isa. Ban da haka, kogi yana ba da kifi, da makiyaya, da hanyar sufuri wadda ta fi ta jaki sauƙi.

Sai dai kowane kogi da irin halinsa. A zamanin dā Nilu yakan fara cika a watan Yuli, ya kai matuƙa a Satumba, ya janye a Oktoba, sai manomi ya bi sawunsa da iri, ya girbe alkama da sha'ir kafin zafi. Masarawa sun tare ruwan da shingayen ƙasa domin ya daɗe a gona, sun kuma gina ma'aunai, kamar na tsibirin Elefantin, domin sanin tsayin ambaliya da irin harajin da shekara za ta iya ɗauka. An haɗe ƙasar a ƙarƙashin sarki ɗaya wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya.

Dijla da Furatu kuwa sukan cika ne a Afrilu da Mayu, daidai lokacin da amfanin gona ya nuna, su kuma ragu a lokacin da ake bukatarsu. Saboda haka tilas mutanen kudancin Iraƙi suka haƙa magudanai suka yi shingaye. A can ne birnin Uruk ya tara dubun-dubatar mutane kafin shekara ta 3000 kafin Miladiyya, a can ne kuma aka fara rubutu a kan allunan yumɓu wajen 3200, kuma mafi yawan rubutun farko lissafin hatsi ne da dabbobi da ma'aikata. Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, wajen 1750 kafin Miladiyya, sun ɗora wa wanda ya yi sakaci da shingensa, har ruwa ya ci gonar maƙwabci, biyan hatsin da ya salwanta.

A kwarin Indus, biranen Harappa da Mohenjo-daro sun bunƙasa tsakanin 2600 da 1900 kafin Miladiyya, da gine-ginen gasasshen tubali, da magudanan ƙazanta, da duwatsun awo masu nauyi iri ɗaya daga gari zuwa gari, amma ba a gano fadar sarki ko kabarinsa a fili kamar na Masar ba. A ƙasar Sin kuwa, sarakunan gidan Shang da suka zauna a Anyang daga wajen 1250 kafin Miladiyya sun dogara ne ga wani hatsi dangin gero, kuma rubuce-rubucen da suka bari a kan ƙasusuwa cike suke da tambayoyi game da ruwan sama da girbi. Ke nan ko a tsakanin waɗannan huɗu babu tafarki guda ɗaya.

3.0 RA'AYIN WITTFOGEL DA SHAIDAR JENNE-JENO

A 1957 Karl Wittfogel ya kawo ra'ayin da ya yi tashe ƙwarai, cewa manyan ayyukan ban-ruwa ne suka haifi sarauta mai ƙarfi, domin haƙa magudanai da raba ruwa suna bukatar shugaba guda mai iya tilasta wa dubban mutane aiki. Binciken da ya biyo baya ya raunana wannan ra'ayi. Robert Adams, wanda ya yi shekaru yana bin kufan kudancin Iraƙi, ya nuna cewa birane sun riga manyan magudanai samuwa, kuma magudanan farko ƙanana ne waɗanda jama'ar ƙauye za su iya kula da su. Karl Butzer ma ya nuna a 1976 cewa a Masar kowace gunduma ce take sarrafa ruwanta, ba fadar Fir'auna ba.

Shaida mafi kusa da ƙasar Hausa ta fito ne daga ƙasar Mali. A 1977 da 1981 Roderick McIntosh da Susan McIntosh sun haƙa kufan Jenne-jeno, kimanin kilomita 3 daga garin Jenne, a cikin babbar fadamar da kogin Kwara yake malalewa kafin ya kai Tambutu. Sun gano cewa an fara zama a wurin tun wajen 250 kafin Miladiyya, kuma zuwa wajen 800 Miladiyya garin ya kai kadada 33, da ganuwa mai zagayen kusan kilomita 2, da ƙananan garuruwa masu yawa kewaye da shi. Mazaunansa suna cin shinkafar Afirka da kifi da naman shanu, suna kuma sayo dutsen ƙarfe da tagulla da dutsen niƙa daga nesa, domin fadamar ba ta da su. Ba a tarar da manyan magudanai ba, ba a kuma tarar da fada ba.

Darasin Jenne-jeno shi ne cewa birni yana iya tashi a inda ambaliya take yin ban-ruwa da kanta, idan manomi da masunci da makiyayi da maƙeri suka sami hanyar zama tare da musayar abin da kowa yake da shi. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kwarin Kabi, ba da na Masar ba.

4.0 KWARIN GULBIN KABI DA ZAGAYEN SHEKARARSA

Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su nufi yamma, sa'an nan su karkata kudu ta Argungu da Birnin Kebbi. Wannan sashe shi ake kira Gulbin Kabi. Gulbin Zamfara kuwa yana biyowa ta Anka da Gummi da Jega, ya faɗa cikinsa a kudu maso yammacin Birnin Kebbi, Gulbin Ka ma ya shigo daga baya, kafin duka su zuba a Kwara. Ruwan sama a wannan yanki yana zuwa ne a cikin watanni huɗu ko biyar, amma gulaben suna kawo ruwan da ya sauka a can gabas, a ƙasashen Zamfara da Katsina, su baza shi a fadamar da faɗinta ya kai kilomita da dama a wasu wurare.

Saboda haka manomin wannan ƙasa yana da gona iri biyu. A tudu yana shuka gero da dawa da wake, a fadama kuwa yana yafa shinkafa da ruwan fari, tun kafin gulbi ya kawo. Jar shinkafar gargajiya, wadda masana tsirrai suke kira Oryza glaberrima, asalinta na Afirka ta Yamma ne, kuma wasu ire-irenta suna da halin miƙewa tare da ruwa, duk yadda ambaliya ta hau sai karan ya bi ta. Akan girbe ta idan ruwa ya janye a farkon hunturu. Idan fari ya ci tudu, fadama takan cece shi, idan kuwa ambaliya ta yi yawa ta cinye fadama, tudu yakan yi kyau a wannan shekara. Wannan dogaro biyu shi ne sirrin yawan jama'a a bakin gulbi.

Bayan girbi fadama ba ta hutawa. Masu lambu sukan kafa jigo su yi albasa da taba da dankali da alkama. Fulani sukan gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa su bar taki. Masunta kuma sukan faɗa wa tafkunan da ruwa ya bari da homa da gora da taru da mamari, su kamo giwan ruwa da tarwaɗa da kurungu, a banda su a kai kasuwannin tudu. Fili ɗaya ke nan yana da masu haƙƙi uku ko huɗu a lokuta daban-daban na shekara, kuma a nan ne tsari ya zama dole: wa zai shiga, yaushe, kuma da izinin wa. Sarkin Ruwa yakan hana su a wasu wurare har sai an yi gyaran ruwa da fashin ruwa, al'adun da P. G. Harris ya bayyana a cikin nazarinsa na masuntan Kabi a 1942. Ko da yake an lulluɓe su da tsafi a zamanin dā, amfaninsu a fili yake, domin suna ba kifi lokacin hayayyafa.

Zama a bakin waɗannan ruwaye daɗaɗɗe ne. Haƙar ceto da aka yi kafin a cika madatsar Kainji a 1968 ta tono tudun kufai a Yelwa ta ƙasar Yawuri, da tukwane da gumakan yumɓu na ƙarnonin farko na Miladiyya.

5.0 DAULAR KABI

A kan wannan tushe ne Muhammadu Kanta ya kafa daularsa. Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya kawo cewa Kanta, mai mulkin Leka, ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, sa'an nan suka ɓata a kan rabon ganima wajen 1516, kuma rundunonin Songhai suka kasa mayar da shi ƙarƙashinsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya ba da labarin faɗin ikonsa da karawarsa da Barno. Abin lura shi ne inda Kanta ya kafa biranensa, watau Surame da Gungu da Leka, duka a yankin fadamar gulbi, tsakanin Sakkwato da Argungu na yanzu.

Gulbi ya amfani Kabi ta fuska uku. Ya ba ta shinkafa da kifin da za su ciyar da mayaƙa da magina. Ya zama mata garkuwa, domin dawaki ba sa iya ratsa fadama idan ta cika. Ya kuma zama mata hanya zuwa Kwara, daga can kuma zuwa Dandi da Yawuri da Nufe. Labaran baka suna ambaton wani babban jirgin ruwa na Kanta da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake kewaya ƙasarsa a ciki lokacin ambaliya. Ko an yi ƙari a labarin, ya nuna yadda Kabawa suke danganta sarauta da ruwa.

Amma babban aikin gayya da Kanta ya bari ba magudanar ruwa ba ce, ganuwa ce. Katangun Surame, waɗanda aka gina da duwatsu da marmara, suna nan har yanzu a ƙasar Binji ta Jihar Sakkwato. An sa su cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma shigar da wurin cikin jerin wuraren da Nijeriya take nema wa rajistar UNESCO a 2007. Labaran baka sun ce an tilasta wa al'ummomin da aka ci da yaƙi zuwa aikin, har an ce Nufawa da man kaɗe suka kwaɓa nasu rabon. Wannan ya saɓa wa ra'ayin Wittfogel, domin ga sarki mai ikon tara dubban ma'aikata, amma bai juya su ga ban-ruwa ba, saboda gulbi yana yin wannan aiki da kansa. Ikon Kanta ya tsaya ne a kan tsare fadama da mallakar mashigai da hanyoyin fatauci.

Tarihin Kabi na baya ya ƙara tabbatar da haka. Azbinawa sun karya ƙarfinta a Adar wajen 1674, Zamfarawa da Gobirawa suka matsa mata, har aka bar Surame a farkon ƙarni na 18, Sarki Tomo ya koma Birnin Kebbi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi a 1805, gidan sarautar ya koma Argungu, inda Yakubu Nabame ya sake tayar da shi a 1849. An yi ta canza hedkwata, amma ba a taɓa barin bakin gulbi ba.

6.0 JEGA: GARI A BAKIN MASHIGI

Ba a san sunan wanda ya fara kafa bukka a Uruk ba, amma kafuwar Jega ta faru ne a zamanin da aka rubuta tarihinsa, saboda haka tana nuna matakan a fili. Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa ya zauna a Gimbana, a kwarin Gulbin Zamfara. Harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin dalilan da suka kai ga hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Muhammadu Bello a Kware, ya rasa ransa a 1818. Ɗansa Buhari ne ya tattara sauran jama'ar, ya kafa Jega wajen 1820 a ƙarƙashin Gwandu. Har yanzu ana kiran zuriyarsu Gimbanawa, mai garin kuma yana riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.

Jama'ar da yaƙi ya tarwatsa, a cikin shekaru kaɗan, sai ga ta da kasuwar da ta yi suna a duk faɗin daular Usmaniyya. Dalilin haka shi ne wurin da aka zaɓa. Jega tana bakin Gulbin Zamfara, wanda mutanen yankin suke kira Gulbin Gindi, a inda hanyar tudu take haɗuwa da ta ruwa. Idan gulbi ya cika, jirage sukan hauro daga Kwara. Ayarin fatake daga Kano da Sakkwato masu zuwa Gwanja neman goro sukan yada zango a nan kafin su ƙetare Kwara zuwa Bargu. Gishirin Foga yakan shigo daga yamma, ya haɗu da tufafi da dabbobi da shinkafa da busasshen kifi. Bayi ma suna cikin hajar kasuwar a wancan zamani, kamar yadda aikin tilas yake a ƙarƙashin dukkan biranen dā da aka ambata. Heinrich Barth, wanda ya zauna a Gwandu a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, ya ambaci Jega a matsayin muhimmiyar kasuwa, ya kuma yaba albasar wannan yanki.

Duk sharuɗɗan da aka gani a baya sun haɗu a nan: fadama mai ba da rara, da tudu mai ba da gero da wurin gini wanda ruwa ba ya ci, da mashigi mai jawo baƙi, da kuma hukuma mai ba baƙo amana. Sunayen shiyyoyin garin, irin su Magaji da Kokani, sunayen sarautu ne, abin da yake nuna yadda aka raba jama'a a ƙarƙashin masu kula da ita. Maƙwabtan Jega ma sun ɗauki nasu rabon, Aliero ta shahara da noman albasa da cinikinta har zuwa kudancin Nijeriya, ƙauyukan fadama na ƙasar Maiyama kuma da shinkafa da kifi.

7.0 SHAIDAR HARSHE

Harshe yana adana abin da kufai ba ya iya adanawa. Yawan kalmomin da Hausa take da su na rarrabe ruwa da ƙasa, kamar gulbi da kogi da rafi da ƙorama da tafki da kududdufi, da kuma fadama da tudu da jigawa da laka, shaida ce ta daɗewar zama da su. Haka nan fito da mafici da mashigi suna nuna cewa ƙetarar da mutane sana'a ce mai zaman kanta.

Wasu kalmomin kuwa suna nuna hanyar da gulbi ya buɗe. Sunan Sarkawa, masuntan da suka bazu daga Kabi zuwa Kwara da Binuwai, yana da nasaba da Sorko, masuntan Songhai. Kalmar gungu, da ma'anar tsibiri, tana nan a harshen Zabarma, kuma daga gare ta ne aka sami sunan Gungawa na tsibiran Yawuri. Dandi ma daga kalmar Songhai take, mai nufin gangarawa bin ruwa. Waɗannan kalmomi sun shigo Hausar yamma ne a cikin kwale-kwale, tare da kifi da gishiri.

8.0 GULBI A HANNUN HUKUMA

Abin da Kanta bai yi ba, gwamnatin zamani ta yi shi. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da ta Goronyo a kan Rima a 1984. Rikicin ƙasa da diyya a Bakolori ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Binciken William Adams a ƙauyukan da suke ƙasa da madatsar ya nuna cewa ambaliya ta ragu a zurfi da daɗewa, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kifi kuma ya ragu. Wannan shi ne karo na farko da ikon ruwan kwarin ya koma hannun hukuma guda, kuma waɗanda suke ƙasa ne suka ɗauki asarar.

Daga shekarun 1990 shirin Fadama ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injunan ban-ruwa, jigo ya ja baya, noman rani ya bunƙasa. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi. Amma sababbin ire-iren shinkafa gajeru ne, ba sa bin ruwa kamar ta gargajiya, kuma ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a jihar. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma UNESCO ta yi wa rajista a 2016, shi ma ya sha tsayawa na shekaru, kuma ƙarancin ruwa a Matan Fada yana cikin dalilan da aka bayar.

9.0 KAMMALAWA

An ga cewa kogi yana ba da laka da ruwa da kifi da hanya, amma birni ba ya kafuwa sai mutane sun tsara yadda za a raba waɗannan, a tara rararsu, a kuma yi musayarta da abin da fadama ba ta da shi. A Iraƙi tsarin ya bayyana a magudanai da rubutacciyar doka, a Masar a ma'aunin ambaliya da haraji, a Kabi kuwa a sarautun ruwa da ganuwa da kasuwa. Kabi da Jega ba su kai Uruk tsufa ba, amma amfaninsu ga mai nazari shi ne cewa zuriyar waɗanda suka gina su suna nan, da harshensu da sarautunsu.

Saboda haka akwai aiki iri biyu da ba ya jira. Na farko shi ne tattara sunayen ire-iren shinkafar gargajiya da na tafkuna da kifaye da kayan su daga bakin dattawan Jega da Aliero da Maiyama, tare da ƙa'idojin da suke raba fadama tsakanin manomi da masunci da makiyayi, domin rigingimun da ake yi yau a kan burtali da mashaya sun nuna abin da yake biyo bayan rushewar waɗannan ƙa'idoji. Na biyu shi ne auna kufai da tsofaffin ganuwoyi na bakin Gulbin Zamfara da na Kabi, a rubuta inda suke, tun kafin garmar tarakta da masu ɗibar ƙasa su shafe su. Malamin da yake koyar da labarin Nilu a wata makaranta a Jega yana iya fita da ɗalibansa bakin gulbi a watan Satumba, ya nuna musu abin da littafin yake nufi.